Jakar Kaset ɗin Malam Bishir

Cikin duk shekarun da na yi a bakin teburin gyara, ranar da ba ta taɓa gushe mini ba ita ce wadda Malama Hadiza ta shigo shagona a Ƙanƙara ta dire jakar bakko a gabana. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin a tashi taro, shi zan ba ku, musamman ku da kuka taso kuka tarar da gyaran waya, ba ku san zamanin rediyo da talabijin mai ƙeya ba.

Sunana Usman, amma a bakin tasha Injiniya ake ce mini. Na fara kamar yadda kowa ke farawa a sana'ar nan: share shago da miƙa sukudireba, sannan kwancewa da ɗaurewa, sannan riƙe mita, har ranar da ubangidana ya ce in je in buɗe nawa. A lokacin da na buɗe, gidajen gem sun cika garuruwanmu, kuma duk wanda nasa ya lalace ni yake kawo wa.

Ga wanda bai san gem mai kaset ba, akwati ne ɗan ƙarami da ake jona wa talabijin. A cusa masa kaset, a riƙe abin sarrafawa da muke kira hannu. Kowane kaset wasa ɗaya ne, wani ƙwallo, wani dambe, wani tseren mota. Ba ya son sabis, ba ya son data, wuta kawai yake so. Da wayoyi suka shigo sai aka watsar da su. Akwai lokacin da 'yan gwangwan ke auna su a sikeli tare da fasassun bokitai.

A wannan lokacin na san Malam Bishir. Malamin gona ne, mutumin Faskari, kuma an taɓa turo shi aiki Ƙanƙara. Mutum ne mai natsuwa, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ne ya kama shi: tara tsofaffin gem. Duk inda ya ji an rufe gidan gem sai ya je. Da farko da kuɗin shayi yake sayensu, ya kawo mini in wanke, in gyara. Daga baya abin ya juya. Masu tara irinsu a manyan birane da ƙasashen waje suka fara nema, masu gwanjo kuma suka koyi duba farashi a waya. Kaset ɗin da a da ake ba ka gyara a kan ciniki, sai ka ji an kira maka kuɗin da zai yi cefanen mako. Ga masara na tashi, ga taki na tashi, albashi kuwa yana inda yake. Malam Bishir bai daina ba, sai dai ya rage. Ko da aka mayar da shi Sabuwa, iyalinsa na Faskari, bai canza mai gyara ba.

Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, wajen ƙarshen damina. Kun tuna yadda aka yi. Ba kira, ba saƙo. An rufe kasuwannin mako. Masu cirar kuɗi na bakin titi sun naɗe lemarsu, don na'urarsu ba ta aiki sai da sabis. Mutum na da albashi a banki, amma gidansa ba gishiri.

Da safen nan ina zaune da Alhaji Ɗayyabu, wani dila daga Funtuwa mai sayen tsofaffin kayan lantarki yana kaiwa Kaduna, sai ga mace ta yi sallama. Ban taɓa ganinta ba, amma na san jakar.

"Kai ne Malam Usman? Ni ce iyalin Malam Bishir."

Na ba ta kujera, muka gaisa. Na tambayi maigidan.

"Shina Sabuwa. Tun da aka yanke waya ban ji ɗuriyarshi ba. Na aika da direba, shiru."

Ta yi mini bayani a taƙaice, irin na malamar makaranta, don a firamare take koyarwa. 'Yan uwan mijinta da ke wani ƙauye bayan Sheme sun taso saboda ɓarayin daji, sun sauka a gidansu, manya da yara. Hatsin da ta yi tsammanin zai kai su kaka ya ƙare. Nata albashin ma yana banki. Ta sayar da kajinta, ta sayar da atamfa. Abin da ya rage mai daraja a gidan shi ne jakar nan.

Ta zuge jakar ta fara fito da kaya tana jerawa a teburi. Ba ta san sunayen wasannin ba, ko kuma ba ta damu da su ba. Da wasu sunaye take kiransu.

"Wannan labulen falo ne. Wannan ƙofar kicin ce, har yau buhu muke ratayewa. Wannan baƙin akwatin, tayar babur ɗinshi ce." Ta ɗago wani kaset da ke cikin kwalinsa, an naɗe shi da leda. "Wanga kuwa taki ne. Takin daminar bara gaba ɗaya."

Ba da faɗa take faɗi ba. Har ɗan murmushi take yi.

Alhaji Ɗayyabu ya matso da kujerarsa. Ya juya wannan, ya juya wancan, sannan ya taya duka jakar a kan abin da bai wuce kuɗin buhun masara ba. Ba zan ce ya yi zalunci ba. Ba waya, ba hanyar jin farashi, kuma shi ma kasada zai yi da kuɗinsa. Amma ni na san baƙin akwatin nan kaɗai ya fi abin da ya taya.

Malama Hadiza ta dube ni. "Malam Usman, ya yi?"

A nan ne ƙa'idar ƙungiyarmu ta shigo, wadda kuka sani: mai gyara ba ya sa wa kaya farashi, ba ya tsaya a cinikinsa, in ya san mai shi kuma mai shi ba ya nan. An kafa ta ne saboda kayan sata, amma ba ta ware kowa ba. Na gaya mata haka. Na ƙara da cewa matsalar tata ta 'yan makonni ce, kayan kuwa in suka tafi ba za su dawo ba.

Sai ta ce, "To ƙa'idar taku, a tukunya ake zuba ta ko a turmi?"

Gaskiyarta ce. Tun daga Faskari ta biyo hanyar da kowa ke tsoro, da kuɗin motar da wataƙila shi ne na ƙarshe a hannunta, ni kuma ina zaune a inuwa ina karanta mata doka.

Na ce ta ba ni kwanaki kaɗan. Dama ina da niyyar shiga Funtuwa sayen kayan gyara, zan zarce Sabuwa in ga Malam Bishir ido da ido. In ya ce a sayar, ni zan tsaya a sayar da daraja. Kafin nan ina da sauran masarar bara a gida, za ta tafi da abin da zai riƙe su.

"Ban zo roƙo ba," in ji ta.

"Na sani, Malama. Irin da na shuka, Malam Bishir ne ya zaɓa mini, shi ya nuna mini tazarar shuka. Masarar da hannunshi a ciki."

Ta daɗe tana kallon kayan da ta jera. Daga baya ta fara mayar da su jaka ɗaya bayan ɗaya, ta zuge, ta tura mini. Alhaji Ɗayyabu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Injiniya, yau ka hana ni cin abinci." Muka yi dariya, na raka shi bakin titi.

Washegari da hantsi na shiga mota. Daga Ƙanƙara zuwa Sheme, ta 'Yargoje, ba mai magana a motar sai salati a ƙasan numfashi. Dawa ta fitar da kai a gefen hanya, masara ta bushe a tsaye, wasu gonakin kuwa ciyawa ta cinye su don masu su sun gudu. Daga Funtuwa na canza mota zuwa Dandume, daga nan zuwa Sabuwa. Hanyar ta ƙarshe ramukanta sun cika da ruwa, sau da yawa sai mun sauka mun tura. La'asar ta yi kafin mu isa.

A sakatariya aka ce mini ya fita. Na same shi a bakin gari, ƙarƙashin wata ɗorawa, manoma sun kewaye shi yana nuna musu yadda ake gane masara ta bushe sosai kafin a ɗura a buhu. Da ya hango ni sai zangarniyar masarar da yake riƙe da ita ta faɗi daga hannunsa.

"Injiniya, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Kowa lafiya."

Sai da na maimaita kafin ya yarda. Muka koma gefe na ba shi labari. Ashe bai san 'yan uwansa sun taso ba. Shi ma ya aika da saƙo da ɗan abin da ke hannunsa ta wani direba, motar ta lalace a hanya, saƙon bai isa ba. Ya zauna a kan saiwar ɗorawar ya riƙe kai.

Can ya ɗago. "Duka ta kawo?"

"Jakar a cike take."

"Mai tseren mota na ciki? Mai jan tambari?"

Na yi tunani, na ce ban gan shi ba.

Sai ya fashe da dariya, har manoman suka waigo. "Ba za ka gan shi ba. Wannan nata ne. In ba na nan shi take bugawa, kuma in ina nan cinye ni take yi."

Dariyar ta lafa. Ya ce, "Da ka bari ta sayar, Injiniya."

"Da ba ka ji haushi ba?"

"Da na ji zafi ƙwarai. Amma ba zan ce ta yi laifi ba. Rabin kayan nan ita ta saye su, da abin da ta haƙura da shi." Ya juyo ya dube ni. "Ka san lokacin da muke yara a Faskari, ta taga nake leƙen gidan gem. Ban taɓa riƙe hannu ba sai da na fara aiki. Nakan ce wa kaina kaset ɗaya ne kawai. To ɗaya-ɗayan ne ya cika jaka."

Ma'aikaci ba ya barin wurin aiki sai da izini, balle a irin wannan lokaci. Muka je gidan shugaban sashensu, wani dattijo mai furfura. Malam Bishir ya yi masa bayani, amma da yake ya rikice sai ya fara da maganar kaset. Dattijon ya sauke tabarau.

"Malam Bishir, ana shirin girbi za ka bar mini manoma saboda gem?"

"Ranka ya daɗe, saboda tuwo ne."

Da ya ji sauran labarin bai ja ba. Ya ba shi kwanakin da ya nema, ya ce ya rubuto takarda in ya dawo, ya kuma ce a gaida mutanen gida da jaje.

Na kwana a ɗakinsa. Da safe muka kamo hanya tare. A Funtuwa ya shiga layin banki, don a cikin banki ana biya da takarda ko ba sabis. Layin ya fito har titi. Ni na tafi sayen kayan gyara, su dalma da fis, na dawo na same shi bai kai ƙofa ba. Sai bayan azahar ya fito. Ya sayi shinkafa da manja da sabulu, muka rabu a Sheme, shi ya yi Faskari, ni na yi Ƙanƙara.

Na ɗauka magana ta ƙare. Kuɗi sun fito, jaka na nan, sai ya zo ya ɗauki abinsa. Amma kafin hutunsa ya ƙare sai ga su su biyu a shago, shi da Malama Hadiza. Ya ce sun yi shawara. Baƙin nan ba su da ranar komawa, kuma albashi ba zai ɗauki gidan ba. Zai rage kayan. Ba yau ba, sai waya ta dawo an ji farashi, amma yana so a tantance tun yanzu.

Tantancewa aiki ne mai tsari. Kowane kaset sai an goge haƙoransa da auduga da sifirit, a cusa, a kunna, a bar shi ya yi wasa na ɗan lokaci don a ga ko zai tsaya. Na jona tsohuwar talabijin a batirin sola. Muka ware wuri uku a tabarma: na ajiyewa, na sayarwa, da matattu waɗanda sai dai a ciri kayan gyara. Malam Bishir ke yanke hukunci, amma na lura kafin ya ajiye kowanne sai ya saci kallon matarsa. Wani ya sa a na ajiyewa, ta yi gyaran murya, ya mayar da shi na sayarwa. Wani kuma ya sa a na sayarwa, ita da kanta ta ɗauke ta ce, "Wanga kana son shi, bar shi."

Muna cikin haka Alhaji Ɗayyabu ya biyo, ya ja kujera ya zauna kallo.

Aka zo kan mai kwali. Malam Bishir ya warware ledar a hankali. Ya ce wannan shi ne zai fi kawo kuɗi, kuma shi zai fara sayarwa. Bai taɓa kawo mini shi ba, don bai taɓa ba shi matsala ba. Daga wani mai talla a waya ya saye shi, aka aiko masa ta mota. Masu saye na gaske kuwa yanzu ba sa yarda da hoton waje, sai an buɗe an nuna musu farantin lantarkin da ke ciki. Shi ya ce in buɗe.

Na kwance, na ɗaga murfin. Farantin asali yana da nauyi, da ƙwaƙwalwa mai ƙafafu a jere, kuma shekaru na nunawa a jikinsa. Wannan sabo ne fil, siriri, da ɗigon baƙin abu kamar kwalta a tsakiya. Na miƙa masa. Ba sai na yi bayani ba, don Malam Bishir ya daɗe yana tsayawa a kaina ina buɗe kaset. Ya karɓa, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya juya shi.

"Jabu ne," ya ce.

Kiɗan gem ɗin da muka bari a kunne yana ta tashi. Ni kaina na kasa duban Malama Hadiza. Takin damina guda ne a tafin hannunsa.

Alhaji Ɗayyabu ya yi ƙasa da murya. "Malam, a mayar da murfi. Ba kowane mai saye ke cewa a buɗe ba."

"A'a, Alhaji. An cuce ni, ya tsaya a kaina."

Ya dawo ya zauna, bai ɗaga kai ba. Na san abin da yake jira daga bakin matarsa, kuma da ta faɗa ba wanda zai ga laifinta. Ta miƙa hannu ta karɓi farantin, ta dube shi, sannan ta dube ni.

"Malam Usman, yana yi?"

"Yana yi sarai."

"To a ɗaure shi. Wanga shi za a ba mutanen gida. Ko ba komai an samu ɗaya da za su taɓa ba ka bi su da ido ba."

Malam Bishir ya ɗago ya dube ta. Sai ya yi dariya, irin wadda ke zuwa da ruwa a ido. Alhaji Ɗayyabu ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka riƙe matar nan da kyau." Na ɗaure kaset ɗin na miƙa mata, ta jefa a jakar hannunta.

Haka kuwa aka yi. Daga baya ya ba ni labarin cewa a watannin nan da ba waya, ba kasuwa, ba fita bayan magariba, jabun nan ne ya riƙe gidan. Yara da manya layi suke yi. Har baffansa, dattijon da ya baro gonarsa da shanunsa yana zaune ba ya magana da kowa, wata rana ya ce a ba shi hannun ya gwada.

Da layuka suka dawo, na ɗauki hotunan na sayarwa ciki da waje, muka samu wani mai tarawa a Kaduna. Abin da ya biya ya ninka tayin farko sau da yawa, kuma Alhaji Ɗayyabu ne ya kai kayan ya ci ladansa, kowa ya rabu da kowa lafiya. Kuɗin suka shiga hatsi da gona. Malam Bishir da iyalinsa suka yi yarjejeniya: ba sabon kaset sai abincin shekara ya shiga ɗaki an biya makaranta, kuma in yana son wani, sai ya fitar da wani.

Yanzu da man fetur ya yi tsada komai ya bi shi, da wuya ya saya. Yakan biyo ta shago in ya shigo Ƙanƙara, mu sha shayi, ya nuna mini hotuna da farashi a waya muna riƙe baki. Ya ce yanzu da ido yake tarawa, kuma ya fi arha.

Abin da na koya ba a kan gem kaɗai ba ne. Duk kayan da aka ɗora muku a teburi, waya ce ko rediyo, ba ita kaɗai ta zo ba. Akwai gidan da ya haƙura da wani abu kafin a saye ta, kuma sau da yawa wanda ya haƙura ba shi ne mai sunan kayan ba. Ku riƙe ƙa'ida, don ita ke tsare mutuncinmu. Amma ƙa'ida ba ta ƙarewa a bakin mai faɗinta. Ranar da kuka ce wa mai buƙata a'a da sunanta, nauyinsa ya dawo wuyanku. Ku rufe shago, ku shiga mota.